Ƙwayar Saitin Bindiga: Yadda Ake Sauya Ta da Kayan Aikin da Suka Dace

Kawuna yana da gonar masara kudu da Tudun Wadan Ɗankadai, ta inda daji ke fara kauri kafin a shiga Falgore. Duk shekara da masara ta yi goyo, birai ne ke riga mai gona sani, gyado kuma ya biyo dare. Shi ya sa yake ajiye da bindiga mai baki ɗaya, takardarta a naɗe cikin leda, soke a azarar ɗaki. Wata damina ya jingina ta da kututturen ɗorawa ya sunkuya zai sha ruwa, ta zame, bakinta ya daki dutse. Da ya ɗauka sai ya ga 'yar ƙwayar tagullar nan da ke zaune a saman baki ta guntule, gindinta ya maƙale a cikin rami.

Ranar kasuwa ya naɗe bindigar a buhu, na bi shi, lokacin ina ɗan shekara 14. Ya miƙa wa wani mai walda, shi kuwa bai yi wata-wata ba, ya ɗiga mata ƙarfe da wutar lantarki kamar mai ɗinke ƙafar amalanke. Har yau ina ganin launin da bakin ya koma, shuɗi-shuɗi da ruwan hanta, kamar wuyan tantabara. Bayan kwana biyu hankalin Kawu bai kwanta ba, muka kai ta wurin wani tsohon maƙeri da maharban yankin ke kai wa gyara. Ya buɗe ta, ya ɗaga ta wajen haske ya leƙa, ya zura ɗan yatsa ta baki, ya daɗe bai ce komai ba.

"Malam, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Baba, wani mai walda ne a kasuwa. Na ga abin ƙarami ne."

"Ƙarami ne. Amma garin neman gira ka tashi rasa ido. Sa yatsanka nan."

Kawu ya sa, ya ji wani ƙululu kamar ƙurji a cikin bututun, daidai hanyar da harsashi ke bi. Wuta ta ratsa ƙarfen har ciki. Tsohon ya ce ko an goge ƙululun, bakin ya riga ya ci wuta, shi kam ba zai ce wa kowa ya ɗora kumatunsa a kan wannan bindiga ya ja kunama ba. Ƙwayar da kuɗinta bai kai na mudun masara biyu ba ita ta ci bindiga sukutum.

Tun daga ranar na riƙe abin da wannan jagora ta tsaya a kai: a wannan aiki, ƙaramin ƙarfe ake ci, a bar babba. Duk gogewa, duk bugu, duk zafi, ƙwayar za ta sha, ba jikin bindiga ba. Ƙwaya idan ta lalace ana sayen wata. Bututu idan ya lalace sai dai a yi haƙuri.

Kafin a taɓa guduma, a san inda doka ta tsaya. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba su gida uku. Ƙaramar bindiga ta hannu, fistol ko libarba, tana cikin waɗanda aka haramta wa jama'a, lasisinta sai daga Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, wato a wurinmu Kano, ofishinsa da ke Bompai. Dokar ba ta tsaya a kan mallaka ba, ta ce gyaran bindiga ma sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko a hannun wanda aka ba izinin yin sana'ar. Don haka abin da zan faɗa na mutum biyu ne: mai gyaran da ke da izini, da mai bindiga mai takarda da ya kamata ya san abin da zai tsaya a kai idan ya kai gyara, kada a yi masa irin ta Kawu yana tsaye yana kallo.

Hanyar kai ta ma abin lura ce. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, mafarauta, da yawansu 'yan Bunkure maƙwabtanmu, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da suka hau. Ba su yi abin da ya cancanci haka ba, kuma zafin abin bai huce ba. Amma ya nuna irin zamanin da muke ciki. Wanda zai ɗauko bindiga daga Doguwa ko Riruwai ya biyo titin da ya faɗo Kwanar Ɗangora, ya raba ta biyu idan mai rabuwa ce, ba komai a cikinta, a naɗe, takarda a aljihun gaba. Ya sanar da Sarkin Baka ko mai unguwa inda za shi.

To, mene ne aikin ƙwayar? Ido ba ya iya bin cikin bututu, sai ya bi samansa. Ana buƙatar maki biyu a ja layi: ɗaya kusa da ido, ɗaya a baki. A ƙaramar bindiga da bindigar soja akwai saitin baya, ɗan ƙarfe mai tsagi, da saitin gaba. A bindigar farauta mai baki ɗaya yawanci babu saitin baya, idon maharbi ne ke zama a madadinsa, kumatunsa a kan ƙota su ne ke tsayar da shi wuri guda. Ƙa'idar da ke ruɗa mutane ita ce saitin gaba bin sawun harbi yake. Idan harbi na sauka hagu, ƙwayar hagu za a matsar da ita. Idan yana wuce sama, ƙwaya mai tsayi ake nema. Idan yana faɗuwa ƙasa, a rage mata tsayi. Saitin baya kuwa akasin haka ne.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke hana kame-kame. A auna nisan da harbi ya kauce, a ninka da tazarar da ke tsakanin maki biyun nan, a raba da nisan abin hari, duk da awo iri ɗaya. A bindigar farauta, tsakanin ido da ƙwaya kamar santimita 90 ne. Ƙarin milimita 1 a tsayin ƙwaya zai sauke harbi da abin da bai kai santimita 3 ba a nisan mita 25. A ƙaramar bindiga mai tazarar santimita 16, wannan milimita ɗayan zai kautar da harbi kusan santimita 16 a nisa ɗaya. Darasi biyu ke nan. A ƙaramar bindiga, gogewa biyu ta magagari na iya wuce gona da iri. A doguwar bindiga kuwa, idan harbi na kaucewa da taƙi guda, kada a ɗora wa ƙwaya laifi. A duba yadda kumatu ke zama a ƙota, a duba ko bututun ya tanƙware. Na sha ganin maharbi yana sauya ƙwaya sau uku alhali ƙotar ce ba ta dace da wuyansa ba.

Yanzu aikin kansa. Matakin farko ba ya da gajeriyar hanya: a tabbatar babu komai a cikin bindigar, kuma wanda zai yi aikin shi zai tabbatar da idonsa da yatsansa, ba da bakin mai ita ba. Mai baki ɗaya a buɗe ta, a cire harsashi, a cire katakon gaba, a zare bututun gaba ɗaya daga jikinta. Bututun kaɗai ake kaiwa teburin aiki. Harsasai kuma a fitar da su daga ɗakin.

Bindigar toka ta fi haɗari, domin ba ta buɗuwa ta baya, kuma maharba da yawa a ɗure suke rataye ta wata da watanni har su manta. A fara cire abin da ke tayar da wuta a gindin kunama. Sannan a zura sandar ɗuri har ta tsaya, baki yana kallon inda ba kowa, fuska da jiki a gefe, a yi alama a kan sandar daidai bakin bututu. A zaro ta a shimfiɗa a wajen bututun daga baki zuwa baya. Idan ƙarshenta ya kai ramin da wuta ke shiga, babu komai. Idan ya rage yatsa biyu ko uku, a ɗure take. Tsohon albarushi ba ya mutuwa don ya daɗe, kuma maƙera wuri ne na tartsatsi. Kada a shigar da ita sai an sauke ɗurin.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma mafi yawansu ana samu a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ya fi wuya shi ne barin waɗanda hannu ya saba da su. Masaba da awartakin maƙeri na garma ne da lauje, nan ba wurinsu ba ne. Ana son 'yar guduma mara nauyi, irin ta masu gyaran agogo ko ƙirar zinariya, wadda ba ta wuce giram 100 zuwa 150 ba. Ana son sandar bugu ta tagulla ko ta roba mai tauri, domin tagulla ta fi ƙarfen bindiga laushi, ita za ta lotsa, shi ya tsira. Tabon rawaya da take bari yana fita da mai da tsumma. Ƙusa ta ƙarfe kuwa tabonta har abada ne. Sai bais na teburi da za a riƙe bututu, amma a yi wa haƙoransa shimfiɗa da fata mai kauri ko katako biyu da aka fafe, kuma a matse ta wajen gindi inda ƙarfe ke da kauri. Bututun bindigar farauta ba shi da kauri ta wajen baki, matsa kaɗan ke lotsa shi. Sai ƙananan magagari masu laushin haƙori, da filaya ƙarama, da tocila, da sipirit na wanke maiƙo, da ma'aunin baniya na makanikai.

A kan wannan ma'auni zan daɗe, domin nan ne yawancin ɓarna ke farawa. Ƙwayar bindigar farauta tana da gindi mai tiredi kamar ƙaramin noti, kuma tiredin ba iri ɗaya ba ne a duniya. Bindigogin Turai da na Rasha, irin Baikal da ake ƙerawa a Izhevsk, awon milimita suke bi. Wanda aka fi gani a ƙwayoyin wannan tsari shi ne M2.6 da M3. Na Amurka awon inci suke bi, irin 3-56 da 5-40 da 6-48, inda lamba ta biyu ke nuna yawan haƙora a inci guda. A ido duk kamarsu ɗaya. Idan aka ɗaura wani a ramin wani, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, mai gaggawa ya ɗauko filaya ya tilasta shi, tiredin ramin ya lashe. Saboda haka a adana guntun tsohuwar ƙwayar, a auna kaurinta, a tafi da ita wurin saye. Gwajin kuwa ɗaya ne: sabuwar ƙwaya ta shiga da yatsu biyu kawai, sumul, har kusan ƙarshe. Idan ta cije tun farko, ba tata ba ce, a fitar.

Cire tsohuwar, idan lafiyarta ƙalau, ba wuya. A ɗiga kananzir ko man sassauta tsatsa a gindinta, a bar shi ya kwana. Damina a Doguwa da Tudun Wada tana da nauyi fiye da ta arewacin Kano, kuma bindigar da ta sha raɓa shekara da shekaru ba ta sakin ƙwaya da wuri. Da safe a naɗe bututun da salatif kewaye da ƙwayar don kada filaya ta karce shi, a kama ta da ɗan ƙyalle, a murɗa hagu a hankali. Akwai ɗan maɓalli na musamman da ake yi don wannan, mai kama ƙwaya ta kowane gefe, wanda duk mai yin aikin a kai a kai ya kamata ya mallaka.

Idan ta guntule kamar ta Kawu, nan ake gane mai haƙuri. Idan akwai ɗan saura a waje, a yanka masa tsagi da siririn zarto, a kwance da ƙaramar sukundireba. Idan ya karye daidai da fatar bututu, a yi masa ɗigo a tsakiya sosai, a huda da bakin dirili wanda ya fi ramin siranta, da hannu ko da dirili mai tafiya a hankali, bayan an cusa sanda ta katako a cikin bututu don kada bakin dirilin ya zarce ya sari ɗaya bangon. Tagulla mai laushi ce. Sau da yawa da an huda tsakiyarta sai ragowar ta saki, a tsince ta da allura. Idan tiredin ramin ya riga ya mutu, ana faɗaɗa shi zuwa awo na gaba. Ga M3, huda ta milimita 2.5 ake yi, sannan a yanka sabon tiredi da abin yanka shi, da mai, ana juya kwata ana komawa baya don ɓarɓashi ya fita. Abin yankan siriri ne kamar tsinken ashana, kuma ya fi gilashi saurin karyewa. Idan ya karye a ciki, aiki ya koma sabo. Wannan ba na ɗan koyo ba ne.

Akwai wata gurguwar dabara da nake roƙo a guje mata: idan ramin ya lalace sai a yanke bakin bututu a huda sabo a baya. Yawancin bindigogin farauta suna da ɗan matsi a cikin inci biyu na ƙarshe, shi ke tattara 'ya'yan dalma su tafi tare. Wanda ya yanke shi ya mayar da bindigarsa mai watsi, ta raunata dabba ba ta kashe ba, ta kuma watsa dalma inda ba a nufa ba. Ban da haka, doka ta hana gajarta irin wannan bututu ƙasa da inci 20.

Ɗaura sabuwar ƙwaya yana da tarko guda, shi ne tsayin gindinta. Ramin yakan ratsa har cikin bututu, kuma ƙarfen wurin bai fi milimita ɗaya zuwa biyu ba. A ɗaura ta a bushe tukuna, a haska tocila ta baya, a leƙa, a zura ɗan yatsa ta baki. Idan an ji ko da ƙaiƙayi, gindin ya yi tsawo. A kwance ta, a goge gindin da magagari a waje, a sake gwadawa, sau nawa ne ma, har yatsa ya wuce bai ji komai ba. Gindin da ya leƙo ciki, harbin farko zai tsige ƙwayar, ko ya kumbura bakin. Idan ta zauna daidai, a wanke ramin da gindin da sipirit, a bari su bushe, a ɗauki ɗigo ɗaya na maganin riƙe tiredi da tsinken ashana a shafa. Loctite mai launin shuɗi, lamba 242 ko 243, shi ne daidai, yana riƙewa kuma yana kwantuwa da hannu in buƙata ta taso. Jan ba ya saki sai an gasa shi da zafin da ya kai kimanin digiri 250, don haka ba na nan ba ne. Gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake liƙa takalmi da shi yana bushewa ya yi ƙaras, girgizar harbi ta farfasa shi. A ɗaure da ƙarfin yatsu, a ƙara ɗan kaɗan da maɓalli, a goge abin da ya tsatso ciki da waje, a bar ta awa 24.

Zaɓin ƙwaya kuma ya danganta da lokacin fita. Tagulla mai sheƙi tana da kyau da asuba da almuru, amma da rana tsaka gefen da hasken ya buga shi ido ke ɗauka a matsayin tsakiya, harbi ya kauce. Tsofaffin maharba sukan turara ta da hayaƙin fitilar aci-bal-bal ko na ashana ta yi baƙi. Fara tana fitowa sosai a duhun kurmi. Akwai ta zamani mai ɗan siririn tsinken roba ja ko kore da ke tara haske, tana taimakon wanda idonsa ya fara rauni, sai dai ba ta jure ƙaya da sarƙaƙiya, kuma man wanke bindiga mai ƙarfi yana cinye ta. Babu ƙwayar da za ta halatta harbin abin da ido bai tantance ba. Farautar dare da fitila a goshi ta sa an harbi mutane da yawa a zaton dabba, kuma a kaka gonakinmu cike suke da masu kwana gadin amfani.

Bindigar toka ba ta da tiredi, ba ta da awon kamfani, kowace da halinta. Bututunta sau da yawa ba a san asalin ƙarfensa ba, shi ya sa ba na son a huda shi, balle a kai shi ga wuta. Walda tana narkar da ƙarfen kansa. Liƙi da tagulla yana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 900, ƙarfe ya yi ja. Dalmar liƙi irin ta masu gyaran lagireto kuwa tana narkewa a zafin da bai kai ko kusa da wannan ba. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta zobe: a yanko siririn ɓallin tagulla ko jan ƙarfe, a naɗa shi daidai kaurin bakin, a liƙa ƙwayar a kansa can gefe, nesa da bindiga, ya huce, sannan a zura shi a bakin da ɗan matsi, ana bugawa da katako. Wuta ba ta taɓa bututu ba, kuma ana iya juya zoben hagu ko dama har saiti ya zauna kafin a kafe shi. A mai baki biyu ma a kiyayi zafi, domin a yawancinsu da dalma aka haɗa bututun biyu da ƙarfen da ke tsakaninsu, zafi kaɗan ke sa su rabu.

Ƙaramar bindiga ta hannu, a ƙasarmu, aikin ma'ajin makamai ne na 'yan sanda ko soja, kuma jami'in da saitinsa ya karye can zai mayar da ita. Amma ƙa'idar ba ta sauya ba, sai dai ta ƙara tsanani saboda lissafin da muka yi. A cire gidan harsashi, a ja marfin sama baya a duba ɗaki da ido da yatsa, a zare marfin, a fitar da bututu da sifirin, marfin kaɗai ake aiki a kai. Daga nan a gane irin zaman saitin. A wasu, irin Makarov da Beretta 92FS, saitin gaba jiki ɗaya ne da marfi, ba ya fita, wanda ya buge shi ya karya. A Glock, ɗan noti ne ke riƙe shi ta ƙasa, mai kai kusurwa shida na awon 3/16 na inci, wanda ba ya kamuwa sai da siririn maɓalli da aka yi dominsa. Notin ƙanƙane ne ƙwarai, ɗigon shuɗin magani da ƙarfin yatsu sun ishe shi, a kuma duba saitin bai karkace ba kafin maganin ya kama. A tsofaffin samfurin 1911 ƙafar saitin ake bajewa ta ciki da kayan aiki na musamman. A libarba da yawa wata siririyar ƙusa ce ta ratsa shi ta gefe.

Wanda ya fi yawa a yau shi ne mai zama cikin kwari mai faɗin ƙasa da aka yanka a marfi, ana tura shi ta gefe. Kayan da ya fi dacewa shi ne matura mai sukuru, wadda ke riƙe marfi tana tura saitin a hankali ba bugu. In babu, sandar tagulla da 'yar guduma, a bugi gindin saitin, ba tsayinsa ba. Tsohuwar al'ada ita ce a fitar daga hagu zuwa dama, a shigar daga dama zuwa hagu, idan baki na kallon gaba, amma wasu kamfanoni sun saɓa, don haka a duba littafin bindigar. Kafin a fitar da tsohon a ja layi da fensir a tsakiyarsa, a kuma auna tsayinsa. Sabon ya kamata ya shiga kamar sulusin kwarin da yatsa. In ya ƙi, a shimfiɗa magagari a teburi, a goga ƙasan saitin a kai sau biyu ko uku, a sake gwadawa. Kwarin marfi ba a taɓa shi. A ƙarshe a auna da baniya ta hagu da ta dama har su yi daidai. Saitin dare mai haske da kansa yana ɗauke da 'yar kwalbar iskar tiritiyam, wadda haskenta ke raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12. Bugun guduma na fasa kwalbar, don haka shi kam sai matura.

Aiki bai ƙare ba sai an gwada, kuma wurin gwaji ba a zaɓensa da ka. A nemi inda akwai bangon ƙasa mai tsayi a baya, kamar tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini. Ba gindin dutse ba, domin duwatsu irin na Riruwai suna mayar da dalma. Ba bakin ruwa ba, domin harsashi na tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke wasa da tsakuwa a gaɓar Tiga. Ba kuma cikin Falgore ba, gandun da aka keɓe ne, an hana farauta a cikinsa. A gaya wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin ƙarar bindiga a yankin nan ba ta wucewa ba a tambaya ba. A kafa babban kwali a nisan mita 25, a yi baƙin ɗigo a tsakiya, a ɗora katakon gaba a kan buhun yashi, a toshe kunne. Harbi uku, kowanne da sabon kwali ko a rufe tsofaffin ramuka, kumatu a wuri guda. Tsakiyar tarin ramukan ake dubawa, ba rami ɗaya da ya yi nisa ba. Sai a auna kaucewar, a yi lissafin nan, a gyara rabin abin da lissafi ya ce, a sake gwadawa, domin abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

Bayan harbin a sake sauke bindigar, a taɓa ƙwayar a ji ko ta motsa, a sake zura yatsa ta baki. A ja ɗan siririn layi da fenti daga gindin ƙwaya zuwa bututu, ranar da layin ya rabu biyu an san ta fara kwancewa. A shafa mai kaɗan a kewayenta, musamman daga Yuni zuwa Satumba.

Kawu ya yi shekara biyu kafin ya sake mallakar wata, bayan doguwar zirga-zirgar takarda. Da ya karɓo ta, wurin tsohon nan ya fara zuwa, aka kwance ƙwayar aka auna, aka rubuta masa awon a bayan wani katin asibiti. Ya sa aka sayo masa biyu daga Kano, suna cikin kwalin ashana, a ledar da takardar take.